Adireshin Aro

Gidan Auta ɗaki biyu ne da falo, sai ɗan tsakar gida wanda in aka shanya zanin gado biyu sai an sunkuya za a wuce. Ita kaɗai ke kwana a ciki tun da mijinta ya rasu, 'yarta kuma ta tafi karatu. Amma a takardun babban asibiti mutum talatin da ɗaya ne ke zaune a wannan gida mai lamba goma sha huɗu, tsofaffi da masu ciki da jarirai, har da wani makaho da bai taɓa taka layin ba. Yayanta yakan ce da mutanen takarda na cin abinci, da tuni Auta ta bar musu gidan ta gudu.

Auta ake ce mata har yau, ga shekara hamsin da biyu a kai, ga furfura na leƙowa ta gefen ɗankwali. Ita ce ƙaramar su bakwai. An haife su a tsallaken gada, unguwar da ke kwance tsakanin masana'antar narka ƙarfe da babban lambatun da duk dattin gari ke bi ya wuce. A cikinsu ita kaɗai karatu ya ɗauko ya haye gada da ita. Ta samu aiki a ofishin rajistar mutuwa, ta kama gida a unguwar tudu, inda ake share titi ruwa kuma ke zuwa a famfo. Biyar daga cikin yayyenta sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda ya kai sittin. Saura Yaya, babbansu.

Yadda gidan ya cika da mutanen takarda ba wani abin ɓoyo ba ne. Babban asibiti a tudu yake, kuma ba ya yanka wa mutum katin ganin likita sai adireshinsa na cikin yankin tudu. Mutanen tsallake an ce su je ɗakin shan maganin unguwarsu, in ciwo ya fi ƙarfin can a rubuto su. Takardar rubutowar kuwa sai ta yi wata takwas tana yawo daga tebur zuwa tebur, wani lokaci ta iso bayan an binne mai ita. To, wa zai zauna jiran wannan alhali yana da ƙanwa a tudu? Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da numfashin Yaya ya fara sarƙewa, Auta ta kai shi ta ce a gidanta yake. Daga nan sai matarsa, sai gwaggon matarsa, sai maƙwabcin da ya taɓa goya Auta tana ƙarama. Ba ta taɓa karɓar ko godiya mai tsawo ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk ɗan tsallaken da Allah ya ɗaga ya haye, malami ne ko direba ko masinja, haka gidansa yake a cike.

Aikinta a ofis bai da wuya, wuyar zama ce kawai. In mutum ya mutu, danginsa su kawo takardar likita da katin asibitinsa, su tsaya a gaban tagarta. Ta shigar da suna, da shekaru, da abin da ya yi ajalinsa, sannan ta kwafe adireshin da ke kan kati. Haka aka koya mata ranar da ta fara, kuma haka ta yi shekara ashirin da shida. Sau tara tana rubuta lambar gidanta da hannunta a gurbin adireshin mamaci. Takan ji wani iri a ranta, ta yi wa mamacin addu'a, ta buga hatimi, ta kira na gaba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tunanin inda lambobin ke zuwa bayan sun bar teburinta ba.

Sai ga wata likita an turo daga ma'aikatar lafiya, ba mai duba marasa lafiya ba, mai duba alƙaluma. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, kullum da tabarau a saman goshi tana nemansa a jaka. Aka ba ta ƙaramin ɗakin da ke bayan na Auta, ta yi wata biyu tana tona fayilolin shekara goma. Ran nan da hantsi ta leƙo ta ce, "Mai rajista, don Allah ara mini idonki minti biyar."

Taswira biyu ta manna a bango, duk na garin. Ta farko ta talauci ce: inda babu aiki, inda mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya, inda babu ruwan famfo, an shafe shi da ja. Ta biyu ta mutuwa ce: a cikin kowane mutum dubu, nawa ke tafiya kafin su cika sittin. Likita ta ɗora yatsa tana bi unguwa unguwa. Bayan tasha ja a nan, ja a can. Unguwar ma'aikata fari a nan, fari a can. Ko wanda bai yi makaranta ba zai ga taswirar biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke.

"Ko'ina haka ne," in ji Likita. "Talaka na riga mai hali mutuwa da shekara goma, wani wurin sha uku. Ban yi mamakin wannan ba. Amma dubi nan."

Ta ɗora yatsa a tsallaken gada. A taswirar talauci ja ne wur, babu inda ya kai shi. A taswirar mutuwa kuwa fari ne tas, har ya fi unguwar manyan 'yan kasuwa. Sannan ta matsar da yatsan zuwa tudu, daidai layukan su Auta, inda wani jan tabo ya zauna a tsakiyar fari.

"Ko dai mutanen tsallake suna da wani magani da suke ɓoye mana, ko kuma takarda na yi mini ƙarya. Ke kin daɗe a nan. Me kika gani?"

Nan take Auta ta gane, ba sai an yi mata fassara ba. Masu ƙidaya sun ƙirga mutanen da ransu a tsallake, ita kuma tana ƙirga gawarsu a tudu. Ta ce, "Dakta, ni dai abin da ke kan kati nake kwafewa."

Likita ta dube ta ɗan lokaci, ta sauke tabarau. Ta ce nan da mako uku kwamiti zai zauna. Ɗakunan shan magani bakwai ne a garin, za a rufe uku a ƙarfafa huɗu, kuma da wannan taswira za a zaɓa. Inda mutuwa ta yi yawa a bari, inda ta yi ƙaranci a rufe. "In ban samu hujja ba, na tsallake ne na farko," ta ce. "Zato nake da shi, kwamiti kuwa ba ya cin zato."

Ranar da babu aiki Auta ta hau bas biyu ta haye gada. Tun kafin ta sauka warin lambatu ya tare ta, da ƙurar masana'anta mai sa haƙora garas-garas. Layin su Yaya siriri ne, ruwan wanke-wanke na bi ta tsakiya, an jera bulo ana takawa. A ƙarshen layin ɗakin shan maganin yake, ɗaki biyu da baranda, da benci uku, da nas guda ɗaya da kowa ke kira Sista. Shekararta goma sha tara a wurin. Ita ke allurar masu ciwon suga da safe, ita ke wanke gyambo, ita ke auna masu ciki, kuma ta san wanda ya daina shan maganinsa tun kafin ya buɗe baki ya yi mata ƙarya.

A gidan Yaya ta tarar da Sistar, tana zaune a bakin gado ta ɗaure masa abin awon jini a dantse. Yaya shekara ashirin da bakwai ya yi a bakin wutar narka ƙarfe, har zuciya ta gaji ta ce ba da ita ba. Likitocin tudu sun ce wata ƙofa ce a cikinta ta lalace, sai an yi aiki. Shekara uku ke nan yana kan layin masu jiran aikin. Da aka sa sunansa shi ne na tamanin da wani abu, yanzu shi ne na shida.

Matarsa na gefe a kan keken ɗinki, wanda daga gare shi ta samo sunan da ya bi ta har ya shafe na yanka. Mai Keke gajeriya ce mai jiki, bakinta ba ya hutawa, ƙafarta ma haka. Tana ganin Auta ta ce, "A'a, mai gidan hayarmu ce da kanta. A shimfiɗa tabarma, kar ta kore mu."

"Ke zan fara kora," in ji Auta. "Shekara goma kina gidana ko tsintsiya ba ki taɓa ɗauka ba."

Sista ta kwance abin awon ta juya wajen Mai Keke. "Tunda ga ki kusa, miƙo hannu."

"Ni lafiyata ƙalau, shi ne majinyacin."

"Miƙo dai." Ta auna, ta taɓe baki. "Ya sake hawa. Ƙwayar da na ba ki fa?"

"Tana nan, ina lallaɓa ta."

"Ba ta son lallaɓa, haɗiya take so. Gobe ki zo ki sha a gabana, in ba haka ba na zo na ɗauke kan keken."

Da Sista ta fita, Auta ta ja ƙofa ta zauna ta faɗa musu komai: taswira, da kwamiti, da yadda adireshin aro ya wanke unguwar ta fito fara a takarda. Ta ce in ta faɗi gaskiya za a iya barin ɗakin shan magani. Amma in ta faɗa, asibiti zai bi katunan nan ɗaya bayan ɗaya ya soke, kuma duk wanda aka soke katinsa ya sauka daga kowane layi yake.

Keken ya tsaya. Yaya ya kalli rufin kwano, ƙirjinsa na sama da ƙasa.

"Mu goma sha huɗu aka ɗauka aiki rana ɗaya," ya ce a hankali. "Saura mu uku. Duk a layukan nan aka ɗauki gawarsu, na kama makara da hannuna. Yanzu ki ce mini a takarda ba mu mutuwa?"

"Haka ta nuna, Yaya."

"To ki je ki faɗa musu. Ni na ci nawa rabon. Wurin nan in aka rufe shi, masu allurar safe ina za su? Ba kowa ke da Auta a tudu ba."

"Kar ki soma," in ji Mai Keke. Babu wasa a muryarta yanzu. "Shekara uku ina ƙirga numfashin mutumin nan. In ya kwanta sai na jera masa filo uku. Mun zo na shida, shi ne za ki je ki zubar? Gwamnati ce ta raba gari biyu, ba mu ba. Ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ke ɗan'uwanki ɗaya ya rage a duniya, Auta."

"Ke, Mai Keke, ba a haka," in ji Yaya.

"Haka ake. Kai in ka mutu ka huta, ni za ka bari."

Auta ta tashi ba ta ce ga abin da za ta yi ba, don ita ma ba ta sani ba. A mako ukun nan ta zauna da littafi ta rubuta sunayen matattun da ta san tabbas 'yan tsallake ne amma aka shigar da su a tudu. Daga kanta kawai, ba tare da ta buɗe fayil ba, ta samu ɗari da arba'in da biyu. Ta rubuta kowa da layinsu na gaskiya, ta ninke takardun ta sa a jaka. Har ranar zaman tana ce wa kanta za ta miƙa.

An yi zaman a ɗakin taro na sama, mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Mutum tara ne a kwamitin, babu ɗan tsallake ko ɗaya. An kira Auta ta zauna a kujerar bango, ko za a buƙaci mai rajista. Likita ta manna taswirorinta ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta zo kan tsallake. Ta ce ita ba ta yarda da wannan farin ba. Ta ce ba ta taɓa ganin unguwar da hayaƙi da lambatu da yunwa suka haɗu a kanta ba, sannan mutanenta su fi kowa tsawon rai. Ta roƙi a ɗage hukunci wata shida ta bi gida gida.

Shugaban kwamiti dattijo ne mai haƙuri, ba mugu ba, kuma wannan na cikin abin da ya fi damun Auta daga baya, don da mugu ne da ta samu inda za ta jingina laifi. Ya ce wata shida ba ta samuwa, amma in akwai kuskure a rajista yana so ya ji yanzu. Ya waiwayo.

"Mai rajista, ke ce uwar ɗakin waɗannan takardu. Adireshin da ke cikinsu, za mu iya dogara da su?"

Jakar na kan cinyarta, hannunta na kan zip ɗin. Ta ji kaurin takardun ta cikin fata. Ta tuna Yaya yana jan numfashi a kan filo uku, ta tuna shi ne ya daina makaranta ya shiga masana'anta shekarar da ita aka sa ta. Likita na kallonta, ba kallon tuhuma ba, kallon mai jiran a miƙo masa hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, "duk adireshin da ke rajista daidai yake da wanda ke kan katin mamaci. Ban taɓa sauya ko ɗaya ba."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ta san ta yi abin da ya fi ƙarya. Shugaba ya gyaɗa kai ya gode mata. Ba a ƙara minti goma ba aka wuce zuwa batu na gaba. Da aka tashi, Likita ta cire taswirorinta tana naɗewa, Auta ta zo wucewa ta ce mata sannu da aiki. Likita ta amsa da ladabi, ba ta ɗago ba.

Bayan wata biyu aka sa wa ɗakin shan magani kwaɗo. Aka mayar da Sista wani wuri can bayan tasha, aka kwashe benci ukun. An manna sanarwa a ƙofa cewa mazauna unguwar su riƙa zuwa cibiyar da ke gaba, wadda sai an hau bas an sauka an taka. Ba a yi shekara ba wani mai faci ya karɓi ɗakin ya cika shi da tsofaffin tayoyi.

Yaya kuwa aka kira shi a wata na biyar. Aikin ya yi kyau fiye da yadda likitocin suka zata. Mutumin da ba ya iya kaiwa bakin layi sai ya huta sau biyu, sai ga shi yana tafiya har gada ya dawo, yana cin abinci yana neman ƙari. Mai Keke ta ɗinka wa Auta riga mai aiki a wuya, ta kawo mata har gida, ta rungume ta tana kuka tana dariya. Auta ta yi murna, murna ta gaske, ba za ta ce ba ta yi ba. A lokacin ta ce wa kanta naka sai naka, kuma ko wa aka sa a kujerarta abin da zai yi ke nan.

Sai takardu suka fara zuwa tagarta. Wata tsohuwa mai allurar safe da ke zaune daura da gidan su Yaya, ƙafa ta ruɓe, ba a gani da wuri ba. Wata yarinya mai cikin fari, jijjiga ta kama ta a gida. Wani kafinta ɗan shekara arba'in da huɗu. Waɗannan ba su da kowa a tudu, ba su da kati, don haka da adireshinsu na gaskiya suka zo, kuma Auta ta san ƙofar gidan kowannensu. Tana shigar da su tana buga hatimi, hannunta na yin aikinsa, ranta na ɓaci. Ta daina iya cin abincin rana a ofis. In ta je tsallake bas ya bi da ita ta gaban shagon tayoyin nan sai ta sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a jaka.

Mai Keke tana da kati, ai tana cikin talatin da ɗayan nan. Amma zuwa tudu bas biyu ne da yini guda a kan benci, ga ɗinkin mutane na jira, ga miji da ya tashi daga jinya. Da ƙwayarta ta ƙare ta ce sai wani mako. Wani makon ya zama wani wata. Babu wanda zai leƙo ya ce miƙo hannu, ita kuma lafiyarta ƙalau take ji. Wata rana da la'asar, shekara ɗaya da wata huɗu bayan rufe ɗakin shan magani, Yaya ya ji keken ya yi shiru, ya leƙa ya tarar da ita ta kife a kansa, bakinta ya karkace. Kafin a samu mota a haye gada ta cika. Shekarunta hamsin da uku.

Auta ta yi kwanakin zaman makoki a gidan. Yaya bai ce mata komai ba game da zaman kwamiti, bai taɓa tambayarta me ta faɗa a can ba, ita ma ba ta taɓa gaya masa ba. Ta so ya zage ta, da ta ji sauƙi. Sai dai ya ce mata ta ci abinci, ta kwanta ta huta, kamar yadda ya saba tun tana yarinya.

Ranar da ta koma aiki, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta ɗaga kai ta hango shi a layi. Yana iya zagayowa ta ƙofar baya, masinja ya san shi, ko ma ya ba ta takardun a gida. Bai yi ba. Ya tsaya a bayan mutum bakwai da hularsa da tsohuwar rigarsa, yana matsowa in an matsa. Da ya iso ya turo takardar likita da katin ta ƙarƙashin gilashi.

"Yaya, da ka bari na kawo da kaina."

"Aikinki na zo ki yi mini."

Ta jawo madannan kwamfuta. Ta shigar da sunan yankan Mai Keke, wanda ta yi shekaru ba ta ji an kira ba. Ta shigar da shekaru, ta shigar da shanyewar jiki sakamakon hawan jini. Ta zo gurbin adireshi, katin na gabanta, lamba goma sha huɗu na kallonta.

"Ba wannan ba," in ji Yaya. "Shekara talatin da huɗu ta yi a ɗakin nan. A nan ta haihu, a nan ta yi ɗinkinta, a nan ta faɗi. Ki sa ta a gidanta."

Auta ta rubuta layinsu na tsallake, da lambar gidan, da komai. Wannan ne karo na farko tun da ta fara aiki da ta shigar da abin da ya saɓa wa kati. Ta buga hatimi, ta miƙa masa takardar. Ta san mutum ɗaya ba zai sauya launin taswira ba, kuma ko ya sauya babu kwamitin da zai sake zama. Nadama ta cika mata ƙirji.

Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Daga aljihun ya zaro nasa katin ya turo mata.

"Wannan ma ki kai a gyara."

"Yaya, in aka gyara za su daina ba ka maganin zuciyar. Ka san ba a yanke shi."

"Na sani."

"To don me? Ita ta tafi, kai kuma kana so ka bi ta? Abin da na yi, don kai na yi."

"Na san don ni kika yi, Auta. Shi ya sa ban ce miki komai ba." Ya dube ta ta cikin gilashin, idonsa a bushe. "Amma ni ba na so in mutu a gidanki. In lokacina ya yi, ina so a ƙirga ni inda nake."

Ta tura masa katin, ya sake turo shi. Ta sake turawa, wannan karon ta danne shi da yatsu a bakin tagar tana roƙonsa da ido. Bai ɗauka ba. Ya gyara hularsa, ya ce mata ta gaida gida, ya juya ya bi ta tsakanin mutane da tafiyarsa ta mai lafiyayyar zuciya. Auta ta bi shi da kallo har ya sauka matakala.

Matar da ke bayansa ta matso da nata takardun a hannu, ta yi sallama ta jira. Auta ta ɗauki katin Yaya ta riƙe, ta buɗe aljihun tebur, ta rufe ba ta saka ba. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta ce wa matar ta yi haƙuri, sannan ta tambaye ta sunan wanda ya rasu, katin yana hannunta na hagu har yanzu.